Garaɓasar injin huda da kuɗin rajista

Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Nuwamba ta kama, duk wanda ya buɗe waya ya san an shiga watan garaɓasa. Abin da Amurkawa ke yi a rana ɗaya, wato Juma'ar da ke bin bikinsu na godiya a ƙarshen Nuwamba, mu a nan an shimfiɗa shi ya cinye wata guda. Jumia na yi, Konga na yi, masu shago a Instagram da WhatsApp kowa ya manna jan rubutu wai an zabge rabin kuɗi. Cikin sati biyun nan mutum huɗu, daga ajinmu da unguwarmu a Gwagwalada, sun turo min hoton injin huda mai batiri suna tambaya: "Wannan ya yi? In tura kuɗi?" Sun san da irinsa nake cin abinci. Na ga gara in rubuta amsa ɗaya mai tsawo, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ina shekara ta biyu a digiri na biyu, ɓangaren tattalin arziki, a Jami'ar Abuja. Ni ba injiniya ba ne. Wayarin na koya a shagon kawuna a Funtuwa lokacin yajin aikin ASUU na 2020, wanda ya zaunar da mu a gida wata tara. Bayan bautar ƙasa aikin ofis bai samu ba, na dawo karatu. Wanda ya doshi shekara talatin, ga ƙanne a makaranta, ba ya ɗaga waya ya ce Baba a turo kuɗin rajista. To ranakun da ba ni da lacca ina maƙala talabijin a bango, ina sa sandar labule, ina kafa kyamarar tsaro, ina haɗa ƙaramar sola, daga Gwagwalada zuwa Kuje da Lugbe. Da wannan nake biyan haya, da shi nake buga babin furojet duk lokacin da sufabaiza ya dawo min da shi da jan biro.

Wani zai ce me ya sa sai mai batiri, alhali mai waya ya fi araha kuma ya fi ƙarfi? Gaskiya ne ya fi araha. Amma ka duba inda aikin yake. Wanda zai kira ka ka sa masa labule yawanci sabon gida ya tare, wani ko mita ba a sa masa ba. Wanda zai kira ka sola kuwa ai rashin wuta ne ya sa ya kira ka. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, ba kowane maigida ne zai tayar maka da janareta don ka huda rami takwas ba, wani ma sai ya ce kai za ka zuba man. Sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, sai masu neman sola suka ƙaru, aiki ya koma saman kwano inda jan doguwar waya kansa haɗari ne. A lokacin hayar inji mai waya nake yi. Akwai ranar da na wuni a ƙofar wani gida a Kuje ina jiran a kawo wuta, la'asar ta yi na tattara na dawo, ga kuɗin mota, ga kuɗin haya, ga laccar da na bari.

Kuɗin da na tara a adashi bara, su ne dai kuɗin rajistar shekara ta biyu. Ba ni da wasu. In na sayi inji ya mutu cikin wata ɗaya, na rasa sana'ar kuma na rasa zangon karatun. Shi ya sa na yi sati uku ina yawo da ɗan littafi ina rubuta farashi kafin in cire ko sisi. Abin da ke ƙasa, daga wannan littafin ya fito.

Wanda na fara kira Kawu ne. Na karanta masa sunayen injinan da na gani da kuɗinsu, ya bar ni na gama, sai ya ce: "Kai yaro, duk ba ka faɗa min kuɗin batiri ba. Inji ba ya saurin mutuwa, batiri ne ke mutuwa. Ka tambayi kuɗin batirin da inda za ka same shi baɗi, sannan ka tambayi kuɗin injin." Na ce, "Kawu, ai tare suke zuwa." Ya ce, "Yau tare suke zuwa."

Wannan maganar ita ce kan komai. Kowane kamfani da irin bakin batirinsa. Na Makita ba ya shiga DeWalt, na DeWalt ba ya shiga Bosch, na Bosch ba ya shiga Milwaukee. Amma a cikin gida ɗaya, batirin da ke juya injin huda shi ne zai juya giranda, da zarto, da fitila, da injin hura ƙura. Sayen injin farko kamar aure ne, ba yarinyar kaɗai ka aura ba, har da danginta. In ka shiga gidan da babu batirinsa a kasuwar garinku, ranar da naka ya gaji sai injin ya koma abin danne takarda a kan tebur.

A nan ne garaɓasa ke fara yi wa mutum wayo. Za ka ga hoto, inji da batiri da caja cikin akwati, kuɗi kuma kamar kyauta. Ka gangara ƙasa ka karanta ƙananan rubutun, sai ka tarar gangar jikin injin kawai ake sayarwa, babu batiri babu caja. Wannan ba laifi ba ne in an rubuta, don masu sana'ar da suka riga suka mallaki batiri haka suke saye. Amma kai da ba ka da komai, farashinka na gaskiya shi ne inji, da batiri biyu, da caja, da kuɗin kawowa. A littafina, duk inda na haɗa wannan lissafin, batiri biyu da caja sukan kai kuɗin injin kansa, wani wurin har su wuce. Na ce batiri biyu saboda guda ɗaya yana nufin in ya mutu kana saman tsani, ka sauko ka zauna jiran caji, a gidan da babu wuta.

Sai lambobin da ake rubutawa a jiki. Wani mai shago ya nuna min biyu, ya ce wannan 18V ne, wannan 20V ne, don haka na biyun ya fi ƙarfi, ya fi kuɗi. Abu ɗaya ne. A cikin kowane akwai ƙwayoyin litiyam guda biyar a jere. Kowace ƙwaya tana ba da 3.6 a lokacin aiki, sau biyar 18 ke nan. In an cire ta daga caji ba a fara aiki ba takan nuna wajen 4, sau biyar 20 ke nan. Wani kamfani ya rubuta lambar farko, wani ya rubuta ta biyu don ta fi cika ido.

Da wannan lissafin za ka iya kama babbar ƙarya. Akwai injinan da ke yawo a intanet an rubuta musu 48V, 88V, har da masu lamba sama da ɗari, kuma kuɗinsu bai kai rabin na 18V ba. Ƙwayar da aka fi sa wa a irin waɗannan batiran sunanta 18650, kaurinta milimita 18, tsawonta milimita 65, nauyinta wajen giram 45. Kafin a samu 88 sai an jera guda 22, kusan kilo ɗaya ke nan na ƙwayoyi kaɗai, ban da kwanson. Ka ɗauki batirin da aka rubuta wa 88V a hannu, wani bai fi wayarka nauyi ba. Wani abokin karatunmu ya saya bara daga wani mai talla a shafin sada zumunta. Ya huda katako lafiya, ya ɗaure noti lafiya. Ranar da ya kai shi jikin bulo, rami na uku injin ya fara wari, batirin ya ɗauke. Da muka kwance kwanson, ƙwaya biyar muka gani, marasa ko sunan kamfani. Ya kira lambar mai tallan, an toshe shi. Kuɗin gwaje-gwajen furojet ɗinsa ne suka tafi.

Lamba ta biyu ita ce wadda ake bi da Ah. Ita ce girman tankin. In ka ninka ta da 18 za ka san yawan wutar da batirin ke ɗauka: 2Ah ya ba ka 36, 4Ah ya ba ka 72, wato na biyun zai yi aiki ninki biyu kafin ya mutu. Yawanci mai 2Ah ƙwaya biyar ne, mai 4Ah ko 5Ah ƙwaya goma, layi biyu. Ƙwaya goma giram 450 ke nan, da kwanso da komai dole ya haura rabin kilo. Akwai sababbi masu ƙwaya mai kauri da ake kira 21700, guda biyar kan ba da 4Ah, amma su ma kowace tana kai giram 70. Don haka siririn batiri marar nauyi da aka rubuta wa 6Ah ko 9Ah, rubutu ne kawai. Ni da zan tafi kasuwa sai na ari ƙaramin sikelin wata 'yar ajinmu mai yin kek. Masu shago sun yi ta dariya, amma biyu daga cikinsu da suka ga na fito da shi sai suka mayar da batirin farko, suka shiga ciki suka ɗauko wani.

Bayan batiri sai irin injin da ya dace da ginin ƙasar nan. Yawancin bidiyon da muke kallo na Turawa ne, gidajensu katako da allo. Mu bulo ne da kankare. Ka duba zoben da ke bayan bakin injin, za ka ga zane: ɗaya na ɗaure sukuru, ɗaya na huda, in akwai na uku mai siffar guduma, to wannan ne ake kira hama, shi ke sa ƙarfen huda yana juyawa yana duka. Inji marar hama na kafinta ne da mai haɗa kujeru, a jikin bulo zai wahalar da kai ya wahalar da kansa. Shi ma mai hamar iyakarsa bulo da filasta. In ka ci karo da ginshiƙi ko linta ko kankaren bene, sai babban injin hama mai bakin SDS, kuma wannan ni har yau hayarsa nake yi in bukata ta taso, don ba kullum ake bukatarsa ba. Bakin da ke riƙe ƙarfen huda kuma iri biyu ne aka fi samu, milimita 10 da milimita 13. Ka nemi 13, in da hali na ƙarfe, don maƙalin babbar talabijin yana son rami mai faɗi.

Akwai kuma maganar kabon. Tsohon salon inji yana da wasu 'yan gawayi biyu da ke gogar abin da ke juyawa a ciki, su ne ke ba da tartsatsin da kake hangowa ta ramukan iska. Suna cinyewa, amma ana canza su da kuɗi kaɗan, kuma kowane mai gyara ya iya. Sabon salo ba shi da su, za ka ga an rubuta Brushless a jikinsa. Ba ya zafi sosai, batiri ya fi daɗewa a kansa, sai dai ya fi tsada, kuma in allon lantarkin cikinsa ya ƙone gyaran ba na kowa ba ne. Mai aiki kullum, marar kabon ya fi masa. Ɗalibi mai fita aiki sau biyu ko uku a sati, mai kabon na kamfanin kirki ya ishe shi.

Yanzu ina ake saye? Hanya uku na bi: intanet, kasuwa, da na hannu.

A intanet akwai ragi na gaskiya, ban ce babu ba, musamman a shagunan da kamfanin da kansa ko wakilinsa ke gudanarwa. Dabarar ita ce ka san farashin kafin watan garaɓasa ya zo. Ni tun Oktoba na riƙa ɗaukar hoton farashi ina ajiyewa. Wani mai sayarwa a shafin sada zumunta, a idona kuɗin injinsa ya hau a ƙarshen Oktoba, Nuwamba na kamawa ya ja masa layi ya rubuta ragi, sabon kuɗin kuma kusan daidai da na farkon Oktoba. In ba ka da tsohon hoto za ka ɗauka ka tsinci dami a kala. Kuma duk wanda ya ce sai ka tura kuɗi gaba ɗaya cikin asusun wani mutum kafin ka ga kaya, ba shi da shagon da za ka taka ka je, ka bar masa kayansa. Agogon da ke ƙirga maka saura minti goma garaɓasa ta ƙare, gobe ma za ka same shi yana ƙirgawa.

Kasuwa kuwa, Dei-Dei na je, kasuwar kayan gini. Daga Gwagwalada ka hau motar Zuba, daga Zuba ka kama hanyar Kubwa, ba nisa za ka sauka. Ka je da safe, kuma ka je da lokacinka a hannu. Tun daga bakin hanya 'yan kayi-nayi za su tare ka, "Oga me kake nema? Zo ga shagonmu." Yawancinsu ba su da shago, za su zaunar da kai a benci su je su ɗauko a wani wuri su ɗora nasu. Neman halak suke yi su ma, amma la'adarsu daga aljihunka za ta fito. Ka gaisa da su da mutunci, ka ce zagayawa kake yi. Na shiga shago bakwai kafin in yi tayi ko sau ɗaya. Kada ka fara da "nawa ne?" Ka fara da "batirin wannan shi kaɗai nawa ne, kuma kuna da shi yanzu?" Daga amsar za ka gane wanda ke sayar da kayan aiki da wanda ke neman rabuwa da kwali.

Na tafi da gutsuren bulo a leda da ƙarfen huda nawa. Wani dattijo mai shago da ya ga haka ya ce, "Samari, kai gwaji ka zo yi ko saye?" Na ce, "Baba, in ya ci gwajin saye ne." Ya yi dariya ya ce wa yaronsa ya sa batiri. Shi ne ma ya nuna min in riƙa duban ƙarfen huda yana juyawa a iska: in yana rawa hagu da dama, bakin a karkace yake, ramin da zai yi maka zai fi fisha faɗi, talabijin ɗin mutane ta faɗo. Ya ce in saurari ƙarar a giya ta ɗaya da ta biyu, in shinshina ramukan iska bayan huda uku. Wanda ya hana ka gwaji, ya ce wai sai ka biya za a buɗe kwali, ka yi masa sallama.

A kasuwar za ka ga manyan sunaye da launinsu, rawaya da baƙi na DeWalt, ja na Milwaukee, shuɗi mai ɗan kore na Makita. Na gaske suna nan, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗalibi. Jabunsu ma suna nan, launi ɗaya, wani an canza harafi ɗaya a sunan, wani ko canzawar ba a yi ba. In aka ba ka babban suna da batiri biyu a kuɗin da bai kai na matsakaicin kamfani ba, ba sai ka kira kowa ya duba maka ba. Tsakanin waɗannan da marasa suna akwai matsakaita, irin su Ingco da Total, waɗanda suka cika shaguna. 'Yan Caina ne, kuma ba su ɓoye ba. Kalmar "ɗan Caina" ba ta gaya maka komai yanzu, don manyan kamfanonin ma da yawa daga kayansu a can ake ƙera su. Abin tambaya shi ne wa zai amsa maka in ya lalace.

Na hannu, wato tokumbo, a nan ake samun babban suna na gaske a kuɗi mai sauƙi, kuma a nan tarko biyu suke. Na farko caja. Wutar gida a Amurka 120 ce, tamu 230. Cajar da aka yi don kasuwar Amurka, in ka soka ta a soket ɗinmu kai tsaye, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Ka juya bayanta ka karanta: in ka ga 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240, lafiya. In 120 ce kaɗai, ka sa kuɗin wata cajar ko na'urar rage ƙarfin wuta cikin lissafi. Batirin tokumbo kuma ba ka san shekarunsa ba, ka ɗauke shi a matsayin gyara, ka yi ciniki kamar injin kaɗai kake saye.

Tarko na biyu ya fi na farko muni. Akwai ranar da wani yaro ya same ni a wurin wani gini ya buɗe buhu, inji mai kyau, babu caja babu akwati, kuɗin da ya faɗa ko na batirin bai kai ba, kuma yana ta waige-waige. Wannan injin na wani magini ne ko kafinta da ya tara kuɗi kamar yadda na tara. Ban da haƙƙi, irin kayan nan suna da lamba a jiki, masu su kuma suna gane abinsu. Ɗalibin da ke shiga gidajen mutane aiki, jarinsa na farko amana ce. Ranar da aka kama ka da kayan sata, babu wanda zai tsaya jin cewa saya ka yi, kuma labarin zai riga ka isa sashenku.

A ƙarshe a wurin dattijon nan na saya. Matsakaicin kamfani, 20V, mai hama, baki 13, batiri ɗaya 2Ah ɗaya 4Ah, da caja. Ba zan faɗi sunan ba kada a ce talla nake yi. Abin da ya sa na zaɓe shi, shago biyar cikin bakwai da na shiga suna da batirinsa a kan kanta, kuma Kawu ya tabbatar min yana ganinsa in ya je sari Kano. Ba shi ne mafi araha a littafina ba, akwai waɗanda suka fi shi sauƙi nesa. Na sa aka rubuta min lambar jikin injin da ta kowane batiri a rasit, da tsawon garanti, da hatimin shago. Baba ya ce, "Kai lauya kake karanta?" Na ce a'a, kuɗin makaranta ne a hannunsa. Sai ya ƙara min fisha leda ɗaya.

Saura sati shida a rufe rajista lokacin. Aiki goma sha ɗaya na yi a tsakani, shida daga ciki a gidajen da babu wuta, waɗanda da can sai dai in ba da haƙuri. Na biya rajista saura kwana huɗu. Alhamdu lillahi. Amma ku lura, kafin in saya ina da masu kirana, kuma na san nawa nake kashewa a haya da nawa nake rasawa duk wata. Lissafin da ya kamata kowa ya yi ke nan: kuɗin injin gaba ɗaya, a raba da ribar aiki ɗaya, zai ba ka yawan ayyukan da za su dawo da kuɗin. In aiki ashirin ne, kai kuma sau ɗaya ake kiranka a wata, to injin zai kusa shekara biyu bai biya kansa ba, batirin kuma yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi. Biyu daga cikin masu tambayata na ce musu kada su saya bana. Su bi wani aiki tukuna, su yi haya, su tara lambobin masu gida. Wanda kuma labulen ɗakinsa kawai zai sa, ya zo in huda masa, ya saya min shayi.

Wata dabarar da ta yi mana amfani, mu uku a unguwarmu muka shiga gidan batiri ɗaya. Ni ina da injin huda, ɗaya ya sayi gangar jikin giranda, ɗayan ya sayi fitila da injin hura ƙura don goge faranten sola. Kowa ya sayi batirinsa, ya shafa masa fenti kalarsa. Mun rubuta sharuɗɗa a takarda tun ranar farko: wanda abu ya lalace a hannunsa shi zai gyara, ba a ba wa wani na waje aro, kuma mai aro ya dawo da batiri a cike. Zumunci ya fi daɗewa in an rubuta irin wannan. Giranda dai ku sani tana shan batiri kamar ruwa, ƙasa da 4Ah ɓata lokaci ne. Fitilar kuwa ta zama ta karatu, daren jarrabawa a ɗakina ake taruwa. Akwai ɗan abin da ake maƙala wa batirin ya ba da kafar cajin waya, mai 4Ah yakan cika waya kamar sau uku.

Ku kula da zafi. Duk wanda ya yi watan Maris a Gwagwalada ya san abin da nake nufi, kuma litiyam ba ya shiri da zafi. Kada a bar batiri a kan kwano cikin rana, kada a sa shi caji yana da zafi daga aiki, kada a yi cajinsa a kan katifa ko a kulle ɗaki a tafi lacca. Wanda ya kumbura ko ya tsage, a fitar da shi daga ɗakin kwana. In za ka tafi hutu gida, ka bar shi da kamar rabin caji, a cire daga jikin inji. Sannan tabarau na kariya kuɗinsa bai kai na katin waya na sati ba. Mai rubuta furojet da ido yake yi.

Saura magana ɗaya da ba ta cikin littafin farashi. Wasu daga cikinmu abin da ke hana su ba kuɗin inji ba ne, kunya ce. Wai mai digiri a saman tsani. Na taɓa zuwa sa kyamara wani gida a Lugbe, wanda ya buɗe min ƙofa ɗan ajinmu ne. Mun gaisa, na yi aikina, mahaifinsa ya biya ni, daga baya gida uku na samu a layin ta dalilinsa. Abuja gini ake yi ba dare ba rana, kuma kowane gida da aka gama sai an huda bangonsa sau da yawa kafin a zauna. 'Yan uwa mata, ku ma da ku nake. Akwai gidajenmu da yawa da ba a son namiji baƙo ya shiga har ɗakin kwana, sai matar gida ta yi wata tana jiran maigida ya samu ranar da zai tsaya a kan mai aiki. Macen da ta iya sa sandar labule da maƙala madubi da talabijin, ba ta da abokin gasa a irin waɗannan gidajen, injin kuma nauyinsa bai kai kilo biyu ba.

Asabar mai zuwa in sha Allahu zan shiga Dei-Dei sayen ƙarafan huda. Wanda ya riga ya yi lissafinsa yana so mu je tare, mu haɗu a mahaɗar Giri ƙarfe takwas na safe. Ya zo da gutsuren bulonsa, sikelin ni zan aro. Masu shirin kare furojet da masu jarrabawa, Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, ya sa albarka a abin da muke nema.